Inna: Alherin Da Ba Ya Kunyata Mai Karɓa

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka alkunyar matan zamaninta take. Amma abin da ta hana bakinta faɗa, hannunta ya faɗe shi, a kaina da kuma a kan duk wanda Allah ya haɗa ta da shi.

An kawo ta aure cikin birnin Kano daga wani ƙauye ta wajen Dawakin Tofa, ana dab da samun 'yancin kai na 1960. Mahaifinmu tela ne a Kasuwar Kurmi, ita kuwa tana cikin kulle, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun asuba za ta soya gyaɗa, a murje, a bushe, a kai inji a markaɗo. Daga nan ta zuba a turmi tana tuƙawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, ta matse, ta mulmula tunkuza ta soya. Da wannan turmi aka saya mana littattafai, da shi aka yi wa ƙannena mata kayan ɗaki.

Na fara gane ko wace ce Inna a lokacin farin 1973. Damina ta ƙi, dabbobi suka mutu, mutanen karkara har da na Nijar suka kwararo birni neman abin sakawa a bakin salati. Kafin a farfaɗo, a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗar da Kano ke tinƙaho da ita ta kama hanyar zama tarihi. Sana'ar Inna ta ja baya ƙwarai. Duk da haka a wannan lokacin ne tsakar gidanmu ya fi cika da mata baƙi masu goyo. Ba ta taɓa ce wa ɗayarsu "ga sadaka" ba. Sai ta juye musu 'yar gyaɗar da mu yara za mu iya ɓarewa kafin azahar, ta ce, "Ku taimaka mini, aiki ya yi mini yawa." Da yamma ta auna musu gero, ta ce ladan aikinsu ne. Su tafi suna jin guminsu suka ci.

Haka take yi da maƙwabta. In ta lura an kwana biyu hayaƙi bai tashi a wani gida ba, sai ta cika kwano da tuwo ta ba ni, ta ce, "Kai wa maman su wance, ka ce ta ɗanɗana mini miyar nan, ko gishiri ya ji." Sai da na girma na fahimci cewa babu mai ɗanɗana gishiri da malmala huɗu. Wannan shi ne babban abin da na koya a wurinta: yunwa tana da zafi, amma tonon asiri ya fi ta zafi. Wanda ya ba ka abinci ya karɓe mutuncinka bai gama taimakonka ba.

Matan unguwa sun gane haka, suka naɗa ta uwar adashe. Ranar zubi, in wata ta kasa, Inna takan cike gurbin daga nata, a kwashe cif-cif, babu wadda za ta san wa ta gaza. In ɗaukarta ta zo daidai da haihuwar wata ko rashin lafiyar mijin wata, sai ta ce ita ba ta da uzurin gaggawa, a yi musaya.

Ba ta sami karatun boko tana yarinya ba, kuma abin yana ci mata rai. Da gwamnati ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa a 1976, ta sauke wa ƙannena mata farantin talla ta kai su aji, ko da yake ta san cinikinta zai ragu. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, ta nemi izinin Baba ta shiga ajin matan aure. Hujjarta ɗaya ce: tana so ta riƙa rubuta bashi da hannunta, kada haƙƙin wani ya salwanta a wuyanta.

Shekara da shekaru tana tara kuɗin Makka. Ta biya kujera a 1996, sai annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe dubban mutane, Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga. Mu muka shiga damuwa, ita kuwa cewa ta yi, "Kiran ne bai zo ba." A wannan annoba wata maƙwabciyarmu ta rasu ta bar yarinya ba a yaye ta ba. Inna ta ɗauko ta, ta raine ta, ta aurar da ita daga ɗakinta. Daga baya Allah ya nufe ta da sauke farali, amma har ta rasu takan ce shekarar da ba ta je ba ita ce ta ba ta 'ya.

Da jikoki suka zo, sai muka ga wata Innar da ba mu sani ba. Matar da ba ta iya haɗa ido da ni, ga ta tana kiran ɗana "maigidana", tana tuhumarsa da rashin kawo kuɗin cefane, tana ce wa 'yata kishiya. Ita ce mai tsayawa kan wankan jego da kunun kanwa in 'ya'yanta mata sun zo haihuwa gida. Ita ce mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan isha'i. Duk yaron da ya yi laifi, bayanta ne mafakarsa, amma bayan an watse za ta zaunar da shi ta yi masa faɗa su biyu, don ko yaro ba ta yarda a kunyata shi a gaban mutane ba. In na ga yadda take rungumar ɗana, nakan san cewa rabona ne da al'ada ta sa ta adana, yanzu take biya.

Bayan sadakar arba'in muka buɗe akwatinta don a fitar da haƙƙin mutane kafin rabon gado. Muka tarar da littafin bashin nan. Duk abin da ake bin ta, ta biya ta soke. Abin da take bin mutane kuwa, a gaban sunaye da yawa ta rubuta da rubutunta mai karkata: "Na yafe." Muka yi shawara mu 'ya'yanta, muka yafe sauran, muka ƙona littafin ba tare da mun sanar da kowa sunan da ke ciki ba. Mun san abin da za ta so ke nan.

A yau ana raba buhun shinkafa gaban kyamara, a jera mabuƙata a ɗauki hotonsu a watsa a Facebook. Ba na shakkar niyyar kowa, Allah ne masanin zukata. Amma na tashi a hannun matar da ta ciyar da unguwa ba tare da wani ya sunkuyar da kai a gabanta ba, don haka na san akwai hanyar da ta fi wannan. Ita nake ƙoƙarin bi, ita nake koya wa 'ya'yana: ka lura da halin ɗan'uwanka kafin ya buɗe baki, ka nemo dalilin da zai sa ya karɓa da sakin fuska, sa'an nan ka kame bakinka.

Wanda mahaifiyarsa ko kakarsa ke raye, ya je ya zauna kusa da ita, ya kalli yadda take mu'amala da mutane, domin irin wannan ilimi ba a allo yake ba. Mu da muka rasa tamu, abin da ya rage mana shi ne addu'a, da sada zumuncin da ta bari, da ci gaba da alherinta. Allah ya jiƙan Inna, ya rufa mata asiri ranar gobe kamar yadda ta rufa wa bayinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, da dukkan iyayenmu. Amin.