Yini Guda a Tabkin Madarumfa

Masu yawon buɗe ido kan kashe dukiya su je tsibiran teku don leƙen kifi a ƙarƙashin ruwa. Mutumin Dungas kuwa, in ya kama hanyar Maraɗi, tabkin Madarumfa ya ishe shi kallo.

Da sassafe ake shiga kwale-kwalen masunta. Ruwan ba garau yake ba, saboda haka sai ido ya koma ga tsuntsaye da masu jefa birgi. A kewayen tabkin akwai kushewun waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta.

A 2019 aka sa tabkin cikin jerin Ramsar, amma rairayi na ta cike shi. Jama'a, in ya ƙafe, masunta ina za su nufa?