Mibu: Gidan da Aka Keɓe wa Ɗan Gunkin Ɗamara

Yawancin baƙin da ke zuwa unguwar Mibu a birnin Kyoto, haikalin Mibu-dera suke nufa. Kaɗan ne ke leƙa tsohon gidan katako da ke kusa da shi, wanda aka mayar gidan tarihi na Seishu a 2007. Abu guda ake nunawa a ciki: netsuke, sassaƙen da galibi bai wuce girman goro ba.

Rashin aljihu ne ya haifar da shi. Kimono ba ta da aljihu, don haka a zamanin Edo (1603 zuwa 1868) namiji kan rataya jakar taba ko ɗan akwatin magani da ake kira inro a igiya, ya cusa igiyar ta ƙarƙashin ɗamara. Netsuke ne ke ɗaure a ɗaya bakin igiyar, ya tokare a saman ɗamarar don kada kayan su zame.

Wannan aiki shi ya ɗaure hannun masassaƙi. Ba a son tsini, kada ya yaga tufa ko ya karye. Shi ya sa za ka ga ɓera ya dunƙule, wutsiyarsa manne da jiki, ko saniya kwance ta lanƙwashe ƙafafu. Dole a bar ramuka biyu na igiya, gwani kuwa yakan ɓoye su a ciki ko tsakanin gaɓoɓin dabbar. Ana sassaƙa ko'ina, har ƙasan da ba a gani, domin abu ne da ake juyawa a tafin hannu. A nan ne, a ganina, kowane gidan tarihi ke tauye shi: abin da aka yi don taɓawa, ga shi a bayan gilashi.

Da katako mai tauri ake yi, da ƙahon barewa, da haƙorin gadu, da hauren giwa. Wani littafi da aka buga a Osaka a 1781, Soken Kisho, ya lissafa masassaƙa fiye da hamsin, ciki har da Masanao da Tomotada na nan Kyoto.

Bayan 1868 maza suka rungumi kwat da wando, aljihu ya zo, netsuke ya rasa aikin yi. Turawa suka yi ta saye da araha, shi ya sa tarin tsofaffin ke Turai da Amurka yanzu. Mazauna Landan ba sai sun je Japan ba, akwai su a gidan tarihi na Victoria and Albert, shiga kuma kyauta ne.

Abin da ya bambanta gidan Mibu shi ne yawan aikin masassaƙan zamanin nan, masu sassaƙa wa ɗamarar da kusan ba mai ɗaurawa. Mai son sayen tsaraba a kantunan Kyoto ya tambayi da me aka yi, domin tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, kuma jami'an kwastam na iya ƙwace shi a filin jirgi.