Uban da na ƙaga wa Maiturare

A shekarun da na koyar da tarihi a wata sakandare a Illela, na taɓa haɗa wa ɗalibai 'yar takarda kan Marafan Gwadabawa, Muhammadu Maiturare. Ya cancanci a san shi a nan, domin Illela a ƙarƙashin tsohuwar gundumar Gwadabawa take kafin a yanke ta, kuma shi ya kafa Gwadabawa a wajen 1882, bayan ya taso daga Cimola, ya zame wa arewacin Sakkwato garkuwa. A cikin takardar na rubuta cewa ya zama Sarkin Musulmi a 1915 "bayan rasuwar mahaifinsa Attahiru". Shekarar daidai ce. Uban kuwa ni na ƙaga masa shi.

Abin da ya faru shi ne, na ɗauki jerin sarakuna, na ga Attahiru a sama, Maiturare a ƙasa, Tambari na biye, sai na karanta shi kamar bishiyar asali: kaka, uba, jika. Ban tambayi kowa ba. Na raba takarda, yara suka haddace, har na sa tambayar a jarrabawa, na kuma soke amsar wani yaro da ya rubuta Amadu ɗan Atiku.

Kakan yaron ne ya tare ni wata Lahadi, ranar kasuwa, kusa da kara. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, wa ag gaya maka Maiturare ɗan Attahiru na?" Na ce, "Baba, haka na gani a jere." Ya ce, "Wane Attahirun?" Na yi shiru, don a lokacin ko a raina ban raba su biyu ba.

A tsaye ya warware mini, daga baya kuma na bi littattafai na tarar ko wasali bai kuskure ba. Attahiru na farko, wanda ya yi hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, ɗan Amadu ne ɗan Atiku, wato shi da Maiturare ubansu ɗaya. Attahiru na biyu, wanda Turawa suka naɗa a 1903 ya yi mulki har 1915, ɗan Aliyu Babba ne ɗan Bello. Ke nan na farko ɗan'uwansa ne, na biyu kuwa daga wani gida ya fito. Da alƙalami ɗaya na cire mutum daga gidan Atiku na kai shi gidan Bello, alhali tarihin sarautar Sakkwato kusan duk a kan karɓa-karɓa da gogayyar waɗannan gidaje biyu ya ginu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da na zauna na bi jerin da kyau. Tun da Bello ya gaji Shehu a 1817, ba a sake samun ɗa ya hau kai tsaye bayan ubansa ba sai a 1924. Atiku ƙanen Bello ne. Aliyu Babba, a 1842, baffansa ya gada. Amadu, mahaifin Maiturare, ɗan baffansa ya gada a 1859. Rufa'i ɗan Shehu da kansa bai hau ba sai 1867, bayan jikokin Shehu uku sun riga shi. Abin da na ɗauka ƙa'ida ce, ashe fiye da shekara ɗari bai auku ba. Tunanin babban ɗa ya gaji uba daga darussan tarihin Turai na kwaso shi, kuma ko can ɗin bai zama doka ko'ina ba: a Jamus ta da, sau da yawa 'ya'yan basarake raba ƙasar ubansu suke yi.

Na koma aji na faɗa wa yara da bakina cewa malaminsu ya yi kuskure, na mayar wa yaron makinsa a gabansu. Hakan bai yi mini wuya ba kamar sanin cewa takardun sun riga sun shiga gidaje, wasu ma sun tsallaka Ƙonni a jakar 'yan makaranta, ba kuma ni da hanyar kiran su. Tun daga nan ba na rubuta "ɗan wane" sai na ji daga bakin masu gidan, sannan na gwada da abin da ke rubuce. A garin da jikokin mutum suke raye, littafi ɗaya ba ya isa shaida.

Gādon da na laƙaba wa Maiturare, ɗansa Muhammadu Tambari ne ya same shi. Yana Sarkin Gobir na Gwadabawa aka naɗa shi Sarkin Musulmi a 1924, bai kuma ji daɗin sarautar ba. A 1931 ya bar gadon, ya tsallaka ƙasar da Faransa ke mulki, aka naɗa Hassan ɗan Mu'azu na gidan Bello. Daga ranar har yau sarautar ba ta sake komawa gidan Atiku ba.