Gitar Mdou Moctar da gardamar fadarmu



Daren jiya shayinmu ya huce a kan gawayi ba wanda ya kula, saboda gardama. Wani ƙanenmu mai kabu-kabu ne ya kunna waƙar Mdou Moctar a wayarsa, ya haɗa ta da ƴar lasifika, ya ƙure murya. Gitar ta fara a hankali, ganga ta shigo tana ƙara sauri, can sai abin ya koma kamar hadari ya taso daga gabas. Dattijon da ke zama da mu ya toshe kunne ya ce: "Kai yaro, wanga kiɗi ne ko injin niƙa?" Yaron ya ce: "Baba, wanga ɗan Nijar ne, Turawa na biyan kuɗi su kalle shi." Daga nan fada ta rabu uku.

Kashi na farko samari ne, su ƙarar ce ke burge su. Sun ce mutumin bahago ne, kuma yatsunsa na gudu kan tsirkiya yadda ido bai iya bi. Kashi na biyu suna tare da Baba: waƙar da ba ka jin maganarta, me za ka ɗauka ka kai gida? Mdou da Tamashek yake waƙa, mu kuwa mun saba da waƙar da za a yi habaici mu gane da wa ake. Kashi na uku ba su damu da kiɗan ba sam, su dai alfahari suke yi tunda sunan Nijar ya kai Amurka.

Malamin lakwal da ke cikinmu ya ɗan warware mana. Ya ce a can akwai masu son kiɗan rok ɗanye, wanda samari ke koya a garejin mota, ba kwalliya ba gyaran na'ura. Wajen 2001 ƙungiyoyi irin su The White Stripes da The Strokes suka farfaɗo da shi. Kunnen da ya saba da wannan, in ya ji gitar bikin Agadas, sai ya ji kamar ya gamu da dangi.

Mu dai abin da ya tsaya mana a rai shi ne tarihin mutumin. Sunansa Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa. Gidansu ba su son kiɗa, don haka gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya ya saka a wani faifan waƙoƙin wayoyin Sahara. Wato abin ta ƙofar gidanmu ya wuce. Da yawanmu ba mu san sunansa ba sai da Afrique Victime ya fito a 2021, jaridun waje suka yaba.

Baba ya ce: "To me yake cewa?" Malam ya ce a faifan Funeral for Justice na 2024 akwai waƙar da ya tunkari Faransa kai tsaye, akwai kuma wadda yake roƙon Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. Ya sha yin magana kan yuraniyom da ake haƙa a ƙasar nan alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu. Baba ya yi shiru, ya ce: "Ashe kuka ne yake yi." Sai Malam ya nemo Tears of Injustice na 2025, waƙoƙin nan dai ne amma da gitar da ba ta lantarki ba. Sun ɗauke shi ne lokacin da juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya riske su a Amurka, hanyar dawowa ta toshe. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Wanga kam na iya zama da shi." Samari suka ce an zare wa kiɗan haƙora.

Ba mu rabu da matsaya ɗaya ba, kuma ba laifi. Wanda ke son ƙara ya so, wanda ke son sanyi ya so. Akwai ma ɗaya daga cikinmu da ya tashi tun farko, don shi bai sauraron kiɗa saboda addini, kuma ba wanda ya ga baƙinsa. Waɗanda muke da ja da su su ne ƴan kashi na uku, kuma gaskiya akwai mu a ciki. In yabon Bature ne ma'auninmu, to mai gurmin ƙauyenmu ya shiga uku.

Ku duba bukukuwanmu yanzu. Ana hayar lasifika, a soka kati, yara su yi rawa. Mai kalangu na tsaye gefe yana jiran wanda zai liƙa masa dala ashirin. Masu goge da masu gurmi sun tsufa, ƴaƴansu sun tafi Maraɗi ko Kano neman kuɗi, ba mai karɓar sana'ar. A ƙasar nan har gasar kiɗa aka raɗa wa sunan Ɗan Gurmu na Tawa, amma mu nawa ne muka taɓa ɗaukar muryar makaɗin unguwarmu, alhali wayar na aljihunmu?

Kafin mu watse mun yi alkawari. Ranar kasuwa mai zuwa za mu je wurin tsohon mai gurmin nan da muka sani, mu gaishe shi, mu nemi izininsa, mu biya shi haƙƙinsa, sannan mu ɗauki waƙoƙinsa. Mai kabu-kabu ya ce shi zai kai mu kyauta. Baba ya ce zai zo, da sharaɗin kada a ƙure murya.