Sa'a Tara a Alƙahira

Jirginmu ya sauka Alƙahira da hantsi, wanda zai wuce da ni Turai kuwa sai bayan magariba. Abokan tafiyata suka nemi kujeru suka miƙe ƙafa. Ni dai da aka buga mini izinin fita na 'yan sa'o'i sai na rataya jaka na fice, domin akwai bashin ziyara a kaina. Babi guda na kundin digirina na biyu ya ginu ne a kan wasiƙar nasiha da Jalaluddin Assuyuɗi ya aika wa sarakunan Tukururu, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Takardar da zan gabatar a taron ma daga babin na tsamo ta. Kunya ce a ce na taka garin da aka binne malamin na wuce ban yi masa sallama ba.

Tun a cikin tasi Larabcina ya fara ba ni kunya. Na jera wa direba jimla mai cikakken li'irabi, irin wadda za ta sa malaminmu na Nahawu ya gyaɗa kai. Mutumin ya dube ni ta madubi ya yi murmushi, ya ce ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Da na ce maƙabartar Ƙarafa nake nufi sai ya yi jim, can ya ce, “Au, Arafa!” Mutanen birnin haɗiye harafin ƙaf suke yi, jim kuma su mayar da shi ga. Na daɗe da sanin haka a littafi, har na taɓa amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma kunnena bai taɓa sani ba sai ranar.

Na ce ya ajiye ni a Azhar tukuna. Masallacin da Faɗimawa suka aza harsashinsa a 970 yana nan da farfajiyarsa ta farin dutse, ɗalibai sun jingina da ginshiƙai suna bita. Na tambayi wani mai gadi inda ruwaƙin Barnawa yake, wato sashen da aka keɓe wa almajiran Barno a da. Ya tambayi na kusa da shi, shi ma ya ɗaga kafaɗa. Daga bisani ya tambaye ni ko ni Basudane ne. Na ce daga Kano nake. Nan take fuskarsa ta washe, ya ambaci Nwankwo Kanu, ɗan ƙwallo.

Daga nan na kama hanya da ƙafa, na yi kudu. Na ratsa Ƙofar Zuwaila, wadda aka gina a 1092, na bi ta rumfar masu ɗinkin tantuna, na ɓulla kusa da masallacin Sarki Hasan. Wanda ya saba da lungunan Kurmi ba zai firgita da wannan cunkoso ba. Abin da ya dame ni shi ne rashin wanda zan juya in ce wa, “Kai, dubi wancan!” Na tsaya na ci koshari, shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya, na sha shayi mai zaƙi fiye da kima, na ci gaba.

Bayan dandalin Sayyida A'isha birnin rayayyu da na matattu suka cakuɗe. Iyalai na zaune a harabar kaburbura, ga shanya, ga kaji, ga yara suna ƙwallo, sababbin tituna da gadoji kuma sun yanki gefen maƙabartar. Sau uku ina tambaya ana nuna mini hanyoyi uku. La'asar ta gabato, na fara lissafin cunkoson motoci tsakanina da filin jirgi. A ƙarshe wani dattijo mai sayar da rake ya ce, “Sidi Galal kake nema, ɗana?” Ya haɗa ni da jikansa.

Ƙaramin gini ne mai ƙubba, ƙura ta lulluɓe shi. Na tarar da ƙofa a rufe, mai mabuɗi ya tafi wani wuri. Na tsaya a waje na yi sallama, na karanta Fatiha. Wannan shi ne mutumin da ya ƙarasa tafsirin da Jalaluddin Almahalli ya bari, littafin da idan azumi ya kama ake buɗewa a masallatai da zauruka daga Sakkwato har Damagaram, mai jan baƙi na ja, malam na fassarawa da Hausa. Ya rasu a 1505 bai taɓa ganin Katsina ba, amma da wuya ka sami zauren malami a ƙasar Hausa da babu Jalalaini a cikinsa. Na so in faɗa wa wani wannan. Na gwada da yaron, cikin Larabcin mai karanta labarai. Ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya miƙo hannu, na ba shi abin da ya sawwaƙa.

Ban ga laifinsu ba. Mu ma da wani Bamisire zai zo Kano ya tsayar da mai shayi ya tambaye shi zaman da Magili ya yi a garin zamanin Muhammadu Rumfa, ban tabbata amsar da zai samu za ta fi ɗaga kafaɗa ba. Sai dai abin ya taɓa ni ta inda ban zata ba, domin a shafi na biyu na takardata na rubuta cewa alaƙar ilimi tsakanin Masar da ƙasar Hausa “tana nan da ranta a zukatan al'ummomin biyu”. Daga ɗakin karatu na rubuta jimlar, kuma babu wanda ya ja ni a kanta lokacin kare kundi.

Na isa filin jirgi ana kiran fasinjoji karo na ƙarshe, gumi ya jiƙa mini riga, takalmina fari fat da ƙurar Ƙarafa. Da jirgi ya daidaita a sama na ciro takardar, na ja layi a kan “al'ummomin biyu”. Har muka ƙetare Bahar Rum alƙalamin yana hannuna, ina neman abin da zan sa a gurbin.