Inabi a Cikin Ramin Toka

Idan aka ce gonar inabi, ƙila ku hango layuka kore shar. To, a La Geria, cikin tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifaniya, daura da gaɓar tekun Maroko, ƙasar baƙa ce ƙirin. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsu suka yi ta aman wuta, har toka ta binne gonaki da ƙauyuka.

Manoman ba su haƙura ba. Sai suka riƙa haƙa rami mai faɗi har su tarar da ƙasar asali, su dasa kurangar inabi, su gina 'yar katangar duwatsu mai siffar jinjirin wata don tare iska. Ruwan sama kusan milimita 150 ne kacal a shekara, amma tokar tana riƙe danshi, tana hana rana busar da ƙasa.

Sai dai tarakta ba ta shiga nan. Datse rassa da tsinkar 'ya'ya, waɗanda akasari giya ake yi da su, duk da hannu ne, rami bayan rami. Matasa da dama sun gwammace aikin otal. Ramin da aka daina yashewa kuwa, toka ke zubowa ta binne kurangar.