Mintoci Goma Bayan Allurar Baya

Idan aka ce za a yi wa mace aiki a ciro jariri, a Asibitin Barau Dikko ne ko a Babban Asibitin Kawo, hankalin dangi kan wuƙa yake tafiya. Likitan sa barci kuwa, fargabarsa tana cikin mintoci goman da ke biyo bayan allurar baya, domin a nan ne jinin mai haihuwa yake iya faɗuwa farat ɗaya.

Wannan allura ta daɗe. Wani likitan Jamus, August Bier, shi ya fara yi wa marasa lafiya tiyata da ita a 1898. A yau maganin da aka fi zubawa cikin ruwan da ke kewaye da lakar gadon baya shi ne bupivacaine. Yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, yana kuma kashe waɗanda ke tsuke hanyoyin jini. Hanyoyin sai su saki, jini ya taru a ƙasan jiki. Ga mahaifa da nauyinta ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Uwa ta ji jiri da tashin zuciya, jaririn da ke samun iskarsa ta mabiyiya kuma rabonsa ya ragu.

A nan zaɓin likita yake aiki. In ya yawaita bupivacaine, kashewar ta yi sama, jini ya ƙara faɗuwa. In ya rage shi ya haɗa da ɗan fentanyl, jini ya fi daidaita, sai dai ragi mai yawa na iya sa mace ta ji zafi ana tsakiyar aiki. Haka maganin ɗaga jini: an daɗe ana dogaro da ephedrine, amma yana ratsa mabiyiya ya ƙara tsamin jinin jariri. Shi ya sa matsayar da ƙwararrun duniya suka fitar a 2018 ta fifita phenylephrine, ta ce a riƙe jinin uwa a kashi 90 cikin ɗari na awonsa na farko, tare da ƙarin ruwa da karkata ta hagu.

Ranar da na raka ƙanwata wani asibiti a Unguwar Rimi, goggonmu ta dage kan a sa ta barci gaba ɗaya, wai allurar baya tana gurgunta mace. Likitar ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Hajiya, barcin ya fi haɗari ga mai ciki, domin maƙogwaronta kan kumbura, abin da ke cikinta kuma yana iya shiga huhu. Zan tsaya a kanta ina auna jininta minti-minti." Goggo ta yi shiru, mijin ya sa hannu.

Binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2019 ya nuna cewa mutuwar mata bayan wannan tiyata a Afirka ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Don haka tun a ranakun awo nake ba 'yan'uwa shawara su yi tambaya uku: wa zai yi allurar, wane maganin ɗaga jini ke ajiye, kuma wa zai tsaya yana aunawa. Asibitin da ya shirya ba ya jin nauyin amsa su.